CODESRIA: Cibiyar Da Ta Ɗauki Nauyin Buga Binciken 'Yan Afirka

 

'Yan uwa masu karatu, da yawa daga cikin 'ya'yanmu na nan Briqueterie da ke karatu a jami'o'in Ngoa-Ekelle da Soa suna cin karo da sunan CODESRIA a bangon littattafai, ba tare da sun san asalinta ba. Wannan cibiya ce ta bunƙasa binciken ilmin zamantakewar al'umma a Afirka, wato tarihi, tattalin arziki, siyasa da makamantansu. An kafa ta a shekarar 1973 a Dakar, babban birnin Senegal, kuma masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Masar, Samir Amin, shi ne sakatarenta na farko.

A wancan lokaci, ɗan Afirka in ya yi bincike a kan ƙasarsa, sau da yawa sai ya kai shi Faransa ko Ingila kafin a buga. Masu maɗaba'a na can su ke yanke hukuncin abin da ya cancanci fitowa, in ma littafin ya fito, tsadarsa ta fi ƙarfin mutanen da aka yi binciken a kansu. Don haka cibiyar ta mayar da ɗab'i ginshiƙin aikinta. A 1976 ta fara fitar da mujallar Africa Development da Turanci da Faransanci, daga baya wasu suka biyo, kamar ta ilmin jami'o'i a 2003.

Amfaninta ya fito fili a shekarun 1980 da 1990, lokacin da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka tilasta wa ƙasashenmu tsuke bakin aljihu. Dattawa ba su manta da Janairun 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, littafin waje ya gagari ɗalibi da malaminsa. A irin wannan ƙunci ne cibiyar ta ci gaba da tallafa wa masu bincike tana buga ayyukansu. Littafin Paul Zeleza kan tarihin tattalin arzikin Afirka, da ta buga a 1993, ya ci kyautar Noma a 1994. A 1999 kuma ta fitar da na Thandika Mkandawire da Charles Soludo, wanda ya yi sharhi mai zafi a kan waɗancan tsare-tsare. Soludon nan shi ne daga baya ya shugabanci Babban Bankin Nijeriya.

Kamaru na da kaso babba a wannan tarihi. Achille Mbembe ya riƙe sakatariyar cibiyar daga 1996 zuwa 2000, Francis Nyamnjoh kuma ya shugabanci sashen ɗab'i daga 2003 zuwa 2009. Mujallar tarihi ta Afrika Zamani, wadda yanzu cibiyar ke bugawa, a nan Yawunde aka raine ta shekara da shekaru, da hidimar malamai irin su Thierno Mouctar Bah. A nan kuma aka yi babban taron cibiyar na 12 a Disamban 2008.

Sai dai akwai giɓi. Galibin abin da aka buga da harsunan Turawa ne, daga alƙalamin 'yan boko. Ina aka bar malaman da suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da Larabci da ajami? Cibiyar da kanta ta buɗe wannan ƙofa. A 2003 ta buga Intellectuels non europhones na Ousmane Kane, jikan Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya nuna cewa malaman zaure masana ne cikakku, kuma tarihin ilmi a Afirka bai cika ba in an cire su. A 2008, tare da wata maɗaba'a ta Afirka ta Kudu, ta fitar da The Meanings of Timbuktu. A ciki Murray Last ya yi bayanin matsayin littafi a Daular Sakkwato, Hamid Bobboyi kuma ya yi rubutu a kan ajami.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Mai bincike ba ya rubuta abin da bai gani ba. A cikin gafakoki da akwatunan gidajen malamai na unguwar nan akwai wasiƙu, waƙoƙin wa'azi, takardun gado da na ciniki, waɗanda ke ɗauke da labarin zuwan kakanninmu da zamansu a kudancin Kamaru. Danshin damina da gara ba sa jiran kowa, kuma in malami ya rasu, sau da yawa takardunsa kan watse tsakanin magada.

Saboda haka nasiharmu biyu ce. Ɗalibai su shiga shafin cibiyar na intanet, domin mujallu da littattafai da dama suna nan kyauta. Magada kuma su adana takardun iyayensu a wuri busasshe, su bari ɗalibanmu masu Larabci da boko su ɗauki hotonsu, su rubuta sunan marubuci da shekara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya amfanar da mu da abin da suka bari. Amin.