Sheƙin Ƙaramar Mota: Abin da Ke Faruwa Kafin Fenti Ya Bushe

A lardin Shizuoka na ƙasar Japan akwai kamfanoni irin su Tamiya da Aoshima da Hasegawa, waɗanda ke ƙera ƙananan motocin roba a warwatse cikin kwali. Mai saye ne zai harhaɗa, ya yi fenti. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 1/24, wato motar da tsawonta ya kai mita huɗu da rabi sai ta dawo ƙasa da santimita 20. Bayan an shafa launi an manna sitika, sai aikin da ya fi ba masu wannan sha'awa wahala: feshin fenti mara launi da ke sa jikin mota ƙyalli.

Ƙyalli ba wani sinadari ba ne da ake zubawa a kwalba. Haske ne ke dawowa daga fuska mai santsi. Bindigar feshi kuwa ɗigo-ɗigo take watsawa, don haka dole ɗigon nan su sauka a jiƙe, su narke cikin juna, su kwanta kafin su bushe. Amfanin tina ke nan, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi. Idan fentin ya yi kauri, ko aka nisanta bindiga, ɗigon kan fara bushewa tun a iska, sai jikin mota ya fito da gurzi-gurzi kamar ɓawon lemu. Idan ya cika ruwa, sai ya zubo ya taru a gindin ƙofa.

Masu amfani da fentin laka (lacquer) irin GX100 na Mr. Hobby kan zuba kashi ɗaya na fenti da ɗaya zuwa biyu na tina, su saita matsin iska tsakanin psi 15 da 20. Da yawa sun fi son Mr. Color Leveling Thinner, domin yana ɗauke da abin da ke jinkirta bushewa. A ganina, sabon shiga ya fi kyau ya yi kuskure ta wajen yawan tina. Siririn shafi ana iya ƙara wani a kansa, amma mai kauri yana cike layin ƙofa da na boneti, motar ta koma abin wasan yara.

Ba a fara da feshi mai nauyi. Tinan laka yana da zafi, yana iya yamutsa sitika, ko ya tayar da fentin enamel da ke ƙasa. Sai a bar sitika ta kwana biyu ta bushe, a yi feshi sama-sama sau biyu ko uku, ana hutawa minti goma a tsakani, sannan a yi mai jiƙa sosai. Yanayi ma yana da ta cewa: laimar damina na sa fenti ya yi fari-fari, ƙurar hunturu kuwa tana manne wa duk abin da bai bushe ba, shi ya sa ake kifa akwati a kai nan take.

Akwai kuma fentin 2K, mai haɗe da sinadarin taurarawa, irin wanda masu fentin motocin gaske ke amfani da shi. Ƙyallinsa ba magana, amma yana ɗauke da isosayanet mai illa ga huhu, kuma takunkumin yadi ba ya tare shi. Da an gauraya shi kuma, in ba a wanke bindiga da wuri ba, a ciki zai daskare.

Fentin laka yana son kamar mako guda kafin a taɓa shi. Daga nan sai a bi shi da sanfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa, a riƙa ƙara laushi, a gama da man gogewa. A kiyayi kusurwa da bakin taga, domin nan shafin ya fi siranta, kuma gurza kaɗan ke isa a taɓo launin da ke ƙasa.