A Kwashe Hatsi Kafin a Yaɓe Rumbu

Idan kwamfuta ta fara jan ƙafa wajen buɗe fayil, ko ka ji ƙas-ƙas na tashi daga cikinta, mai yiwuwa rumbun ajiyarta ne, wato had-disk, yake shelar kwanansa ya kusa ƙarewa. A cikinsa akwai faya-fayai masu juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a kansu ba ya taɓa su. Ranar da ya taɓa, sai ya karce, kuma kowane juyi ƙara karcen yake yi.

Shi ya sa gaggawar gyara take jawo asara. Mutum zai saki manhajar chkdsk ta Windows a kan rumbun da ke gargara, ta yi ta karatu da rubutu awa da awanni, har ta ƙarasa shi. Masu cewa a saka shi a firij kuwa, raɓa kawai za su tara masa.

Abin yi shi ne a samo sabon rumbu, wanda girmansa ya kai na tsohon ko ya fi, a kwafe komai ɗungurungum, gurbi bayan gurbi, har da Windows ɗin. Sai dai ba kowace manhajar kwafi ce ta iya jinya ba. Da yawa in sun ci karo da gurbin da ya lalace, sai su tsaya cak, ko su nace a kansa. GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, kuma kyauta ce, dabararta irin ta mai kwashe kaya a gobara ce: ta fara da wuraren da ke da lafiya, ta tsallake masu gardama, sai a ƙarshe ta dawo ta lallaɓa su. Tana kuma ajiye fayil na taswirar inda ta tsaya, ko an ɗauke wuta, daga nan za ta ɗora. Duk gyaran da za a yi, a kan kwafin za a yi shi.

Kafin ka fara kwafin, duba sunayen rumbunan sau biyu. A Linux, inda aka saba amfani da ddrescue, tsakanin sda da sdb harafi ɗaya ne, kuma in ka juya su, sabon da ba komai a cikinsa ne zai shafe tsohon.