Hoton Haja a Kantin Intanet: Yadda Manhaja Ke Sarrafa Shi da Matsalolin da Ke Biyo Baya

Gabatarwa

A kasuwa irin wadda muka gada, mai saye ba ya rabuwa da kuɗinsa sai idonsa ya gani, hannunsa ya taɓa. Wanda ya shiga Kantin Kwari neman shadda zai sa a warware masa ita, ya murza ta a tsakanin yatsu, ya fito da ita bakin rumfa ya dubi launinta a hasken rana, kana a shiga ciniki. A kantin intanet kuwa duk wannan nauyi a kan hoto ya rataya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun hoton haja tun daga sa'ad da mai kanti ya ɗora shi har ya bayyana a allon wayar mai saye, ta kuma nuna cewa galibin matsalolin da akan ɗora wa hoton, asalinsu ayyuka ne da manhaja ke yi a kansa ba tare da ta sanar da mai shi ba. Za mu kafa misali da WooCommerce, wadda aka fitar a 2011 don a jona ta a jikin WordPress, kamfanin Automattic kuma ya saye ta a 2015. Kyauta ake samunta, shi ya sa ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka rungume ta.

Hoto ɗaya, kwafi da yawa

Hoton kwamfuta tarin ɗige-ɗige ne masu launi, waɗanda ake kira fikzil. Wayar da kyamararta ke da fikzil miliyan 12 tana ɗaukar hoto mai kimanin ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye, nauyinsa kuwa yakan kai megabait 3 ko fiye. In da za a jera haja 20 a shafi guda da hotuna irin waɗannan, ashe mai saye zai ƙona megabait 60 na datarsa kafin ya ga abin da ake sayarwa, in ma ya yi haƙurin jira ke nan. Saboda haka da zarar an ɗora hoto, sai manhaja ta yi masa ƙananan kwafi. WordPress na yin nata: mai ɗigo 150, da 300, da 768, da 1,024, da wasu manya. WooCommerce kuma ta ƙara uku bisa tsarinta na asali, watau mai ɗigo 300 don jerin haja, da mai 600 don shafin hajar kanta, da ɗan mitsitsi mai 100 da ake jerawa a ƙarƙashin babban hoto. Tun daga 2019, in hoto ya zarce ɗigo 2,560 a ɗayan ɓangarorinsa, WordPress kan rage shi ta yi aiki da ragaggen. Mai kanti dai hoto ɗaya ya san ya ɗora, alhali kusan goma ne ke kwance a ma'ajiya.

A wajen yin waɗannan kwafi ne ɓarna ta farko ke aukuwa. Don jerin haja ya yi kyan gani, manhajar kan yanke kowane hoto ya zama murabba'i, faɗi daidai da tsayi, kuma daga tsakiya take aunawa. Agogo ko kwalbar turare ba su damu da wannan ba. Amma a ɗauki doguwar riga: sai a tarar an fille wuyanta, an datse gindinta, ciki kaɗai ya rage. Babbar riga kuwa, da yake faɗi gare ta, hannuwanta ake zubarwa, wani lokaci har da rabin aikin aska takwas ɗin da aka kashe watanni ana ɗinkawa, wanda shi ne ma dalilin tsadarta. Na'ura ba ta san aska ba, tsakiya kawai ta sani.

Akwai kuma kishiyar wannan, watau dishi-dishi. Ana iya rage babban hoto ya fito tas, amma ƙaramin hoto in an buɗa shi, ba inda za a samo ɗigon da babu. Sau da yawa hoton da dillali ke ɗorawa ba shi ya ɗauka ba, uban ɗakinsa ne ya turo masa ta WhatsApp, wadda kan matse hoto don ya yi sauƙin tafiya. In ya bi hannu biyu ko uku a haka, kafin ya iso kanti zaren atamfa ya narke, zanenta ya yi kamar an shafa masa ruwa. Wannan ne ya sa kamfani irin Amazon ya gindaya wa masu sayarwa sharuɗɗa: babban hoto ya kasance a kan farin fili, hajar ta cika kashi 85 cikin 100 na hoton, ya kuma kai ɗigo 1,000 in ana so mai saye ya iya zuƙo shi ya duba da kyau.

Inda aka ɓoye mabuɗin

Duk abin da muka zayyana yana da magani a cikin manhajar kanta. Ana iya hana yankan, ana iya sauya awon. Tambaya ita ce, mai kanti ya san da haka? A nan ne batun fuskar manhaja ya shigo, watau tsarin madannai da guraben rubutu da mutum ke hulɗa da su a allo. A 1994 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jakob Nielsen, ya tsara ƙa'idoji 10 na auna sauƙin amfani da manhaja, ta farkonsu kuma tana nufin cewa wajibi ne manhaja ta riƙa sanar da mai aiki da ita halin da ake ciki. In aka auna sha'anin hoto da wannan ma'auni, za a ga giɓi. A shafin da ake ɗora hoton haja, ba a nuna wa mai kanti yadda zai fito bayan an yanke shi. Sai ya fita ya shiga kantin ta ƙofar masu saye kafin ya gani.

Bugu da ƙari, mabuɗin gyaran ma ya yi ƙaura. A 2018 WooCommerce ta ɗauke saitin awon hoto daga inda aka saba ganinsa ta mayar da shi sashen ƙawata shafi. An yi haka da kyakkyawar niyya, har ma aka ƙara cewa manhajar ta riƙa sake kwafin da kanta in an sauya awo, aikin da a da sai an nemo wata 'yar manhaja ta daban. Sai dai kuma in rigar da aka sanya wa shafin, watau tsarin adonsa, ta riga ta ƙayyade nata awon, guraben sauya faɗin hoto ɓacewa suke yi. Mai kanti zai bi bayanin da ya karanta daki-daki, ya isa wurin, ya tarar wayam. A ganina wannan ya fi kuskuren yanka muni, domin wanda ya ga ƙofa a kulle ya san mabuɗi zai nema, wanda kuwa aka shafe masa ƙofar kansa zai zarga.

Ma'ajiyar hotunan ita ma da tata. Bisa shekara da wata take tara su, ba bisa irin haja ba, sunan kowane kuwa shi ne wanda waya ta raɗa masa, 'yan haruffa da jerin lambobi. In an goge hajar da ta ƙare, hotunanta na nan daram da dukkan kwafinsu. Kantin da ya shekara uku yana ciniki sai ya wayi gari wurin ajiyar da yake biya wa haya ya cika da hotunan kayan da aka daɗe da sayarwa, mai shi kuma yana tsoron sharewa, don bai san wanne ke aiki a wani shafi ba.

Launi da sunansa

Matsalar da ta fi jawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa ita ce ta launi. Allo yana haɗa kowane launi ne daga haske iri uku, ja da kore da shuɗi, kuma ko da yake kamfanonin HP da Microsoft sun fito da ma'aunin bai ɗaya mai suna sRGB a 1996, har yau waya biyu kan nuna hoto ɗaya da ɗan bambanci. In aka haɗa da hasken fitilar da aka ɗauki hoton a ƙarƙashinta, shadda ruwan toka na iya komawa ruwan ƙasa. Matar da ta sayi anko na mutum 30 bisa abin da ta gani a waya, kaya suka iso ana jibi biki da wani launi daban, ba ta da lokacin sauraron bayanin fikzil. Amanar kantin ta tafi ke nan, da ta danginta duka.

Tun da hoto ba ya iya riƙe launi shi kaɗai, dole kalma ta tallafa masa, kuma a nan ne abin ya shafi ɗaliban harshe. Kowane hoto yana da wani gurbi na rubutaccen bayani, wanda ke bayyana in hoton ya ƙi buɗewa, wanda manhajar makafi ke karanta musu da murya, wanda kuma injin bincike irin Google ke dogara da shi don ya san abin da ke cikin hoton. Galibi a wofi ake barinsa, don fuskar manhajar ba ta matsa wa kowa ya cike shi ba. Hausa kuwa tana da hanyar da ta dace da wannan gurbi ƙwarai, domin ta saba jingina launi ga abin da kowa ya sani: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan makuba, ruwan ganye. Wanda aka rubuta masa "shadda ruwan makuba, mai ƙananan zane" yana da abin gwadawa a zuciyarsa wanda hasken allo ba zai sauya ba. Abin da ya rage a daidaita shi ne inda sunayen suka saɓa daga gari zuwa gari ko daga tsara zuwa tsara, kamar kore da tsanwa da algashi, ko shuɗi da bula, waɗanda wani ke ɗauka abu guda, wani kuma ke rarrabewa.