Fitsarin Muzuru a Cikin Gida: Tsarkin Sallarmu da Hakkin Dabba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa Musulmi, gidajenmu da dama na kiwon kyanwa domin ta tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓera. Sai dai wanda ya rene ɗan muzuru ya san abin da kan biyo baya idan ya kai wajen wata 6: a wayi gari ana jin wari mai tsanani a labule, da gindin bango, da buhun hatsi, wani lokaci har da tabarmar salla. Daga nan sai duka da kora, ko a kai shi bayan gari a yar. Muna ganin akwai hanyar da ta fi wannan kusa da tsarki da kuma tausayi.

Ya kamata mu fara fahimtar cewa muzuru ba don rashin kunya yake yin haka ba. Fitsarinsa na yau da kullum a tsugune yake yi, ya tona ƙasa ya binne. Wannan kuwa a tsaye yake yin sa, ya juya baya ga bango, ya ɗaga wutsiya tana rawa, ya fesa kaɗan. Alama ce yake bari ga sauran muzurai cewa wurin yana da mai shi, kuma kira ne ga mata. Sinadarin namiji da 'ya'yan marainansa ke fitarwa shi ne ke tunzura shi, shi ne kuma ke ƙara wa fitsarin wari. Saboda haka duka ba ya hana shi, ƙara masa tsoro yake yi, tsoro kuwa ƙara feshin yake yi.

A fannin tsarki, hadisin Abu Ƙatada da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa kyanwa ba najasa ba ce, kuma sauran ruwan da ta sha yana da tsarki. Amma fitsarinta najasa ne a mazhabar Malikiyya. Duk tufa ko shimfiɗar da ya taɓa, a wanke ta da sabulu, sannan a ɗauraye da tsarkakakken ruwa kafin a yi salla a kai. A guji goge wurin da ruwan Javel ko abin da ke ɗauke da amoniya, domin warinsu kan jawo muzuru ya koma can.

Maganin da ya fi tasiri shi ne fiɗiya a wurin likitan dabbobi. Ana sa wa muzurun maganin barci, a cire 'ya'yan marainan cikin 'yan mintoci, ya warke cikin kwanaki kaɗan. Kimanin 9 daga cikin muzurai 10 kan daina feshin ko su rage shi ƙwarai, warin ma ya ragu, haka nan yawon dare da faɗan da ke jawo musu raunuka da cututtuka. Yin ta tun kafin ya saba da ɗabi'ar ya fi, domin rigakafi ya fi magani.

To, me shari'a ta ce? Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiye dabbobi. Risalar Ibn Abi Zaid ta halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta kuma ambaci hani game da dawaki. Malaman Hanafiyya sun bayyana cewa babu laifi a fiɗiye muzuru idan akwai amfani ko tunkuɗe cuta. Abin da ba wanda ya yarda da shi shi ne azabtarwa. Don haka kada a yi wa muzuru dandaƙa irin ta bunsuru, ko a ɗaure shi da roba, ko a sa masa reza a gida. Kada kuma a ba shi farasitamol don rage zafi, domin ƙwaya guda tana iya kashe kyanwa.

Akwai abin lura guda. Idan muzuru na yawan tsugunawa yana nishi, fitsarin na ɗiga kaɗan-kaɗan, ko da jini, ko ya ƙi fita sam, wannan ciwo ne. Toshewar mafitsara na iya halaka shi cikin kwana 2 ko 3, sai a gaggauta kai shi wurin likita.

Wanda bai sami halin fiɗiya ba, ya tanadar masa kwano mai yashi a gefen tsakar gida, yana sauya yashin kullum, ya rufe ɗakin salla, ya rataye tabarmi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Dabbar da muka ajiye amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya tsarkake gidajenmu da zukatanmu, Ya sanya mu cikin masu jinƙan bayinSa. Amin.