Abin da Kwamfuta Ta Ƙi Zanawa

A wasannin kwamfuta da mutum ke yawo cikin gine-gine, yawanci sau 60 ake sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. Bango, mota, mutum, duk da ƙananan alwatika aka harhaɗa su, miliyoyi. Injin da ya ce sai ya zana su duka ya sha kaye tun ba a fara ba. Shi ya sa gwanintar masu ƙera irin waɗannan wasanni ta fi fitowa a tankaɗe, wato ware abin da ido ba zai gani ba tun kafin a ɓata masa lokaci.

Tankaɗen farko ba shi da tsada: a zubar da abin da ke bayan ɗan wasa, da fuskar akwatin da ta juya masa baya. Mai wuyar shi ne abin da wani abu ya tare. A wasan Quake na 1996, John Carmack na kamfanin id Software ya rarraba filin wasa zuwa ƙananan yankuna, aka lissafa tun kafin wasan ya fita kasuwa waɗanne yankuna ake hangowa daga kowanne. Idan ɗan wasa yana tsaye a zaure, ɗakunan cikin gida ko taɓa su ba a yi. Da gangan ake barin rara a jerin yankunan da ake hangowa, domin gara a zana abin da bango zai rufe da a manta ginshiƙin da ya kamata a gani. Ido ba ya yafe rami a tsakiyar hoto.

Wani zai ce ai tun 1974 Edwin Catmull ya bayyana dabarar ajiye nisan kowane ɗigon hoto, na kusa ya rufe na nesa, to mene ne na ƙarin wahala? Hukuncin wannan dabara a makare yake zuwa, bayan an riga an lissafa mazaunin kowace alwatika. A wayar hannu, wannan aikin banza shi ne zafi da cin batir. Suka mafi ƙarfi ita ce tankaɗen ma yana cin lokaci, kuma jerin Quake ba ya tsinana komai a buɗaɗɗen fili ko inda bango ke rushewa. Wannan kam gaskiya ne. Don haka injunan yau suke bin sawun aikin Ned Greene da abokansa na 1993: a rufe gini sukutum cikin akwatin lissafi, a gwada shi da taƙaitacciyar taswirar nisa, in ya ɓoye a tsallake dubban alwatika da gwaji ɗaya.