Ado Onaiwu: Dalilin da ya sa ba zai buga wa Super Eagles ba

Duk wanda ya ji sunan Ado Onaiwu zai ɗauka ɗan gida ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, domin mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Japan. An haifi ɗan wasan gaban a lardin Saitama a shekarar 1995.

Ya fara wasa a matakin ƙwararru a ƙungiyar JEF United Chiba a 2014. Bayan ya yi fice a Yokohama F. Marinos, sai ya koma Toulouse ta Faransa a 2021. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta lashe gasar rukuni na biyu, sannan ta ɗauki Kofin Faransa a 2023. Ya sake cin gasar rukuni na biyu da Auxerre a 2024.

Ƙofar Super Eagles ta rufe masa ne a watan Yunin 2021, lokacin da ya buga wa Japan wasan neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya da Kirgistan, inda ya ci ƙwallo uku cikin minti shida. Bisa dokar FIFA, wanda ya wakilci babbar tawagar wata ƙasa a wasan gasa bayan ya cika shekara 21 ba zai sauya ƙasa ba. A lokacin shekarun Onaiwu 25.