Magungunan Gida Na Ƙasar Sin A Hannun Ɗan Koyo

A gidajen ƙasar Sin, idan mura ta kama mutum, kafin a yi zancen likita uwargida kan ɗora tukunya, ta yanka ɗanyar citta, ta haɗa da jan sukari ta tafasa, majinyaci ya sha da zafinsa, sa'an nan ya lulluɓa har ya yi gumi. Mai ɓacin ciki akan dama masa kunun shinkafa. Wanda jikinsa ya yi tsami kuwa sai a kafa masa kofunan gilashi a baya, kamar yadda wanzami kan kafa ƙaho, ko kuma a goge masa fata da cokalin tangaran har ta yi ja.

Waɗannan dabaru sun daɗe da ƙetare iyakar ƙasar Sin ta hanyar littattafai da intanet, kuma sauƙinsu ne ke jan hankalin ɗan koyo. Ga ɗalibi da abokin ɗakinsa kwance da zazzaɓi, asibiti da nisa, kuɗi kuma sun yi ƙaranci, sai ya ce bari ya gwada abin da ya karanta. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma fa akwai abubuwa uku da bai sani ba: ainihin ciwon, ainihin ganyen, da kuma gwargwadon da jiki zai iya ɗauka.

Ba a musun cewa akwai ilimi mai zurfi a cikin magungunan Sinawa. A ƙarni na huɗu wani masani mai suna Ge Hong ya rubuta littafin magungunan gaggawa domin talakawan da ba su da likita kusa, inda ya ambaci wani ganye da ake kira cinghawo, dangin tazargade, a matsayin maganin zazzaɓi. A cikin shekarar 1969 gwamnatin Sin ta ɗora wa wata masaniya, Tu Youyou, aikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. Da suka dafa ganyen cinghawo sai sakamakon ya ƙi tsayawa, har ta lura cewa Ge Hong jiƙawa ya ce a yi a matse ruwan, bai ce a tafasa ba. Sai ta koma tatsar sinadarin ba tare da zafi mai yawa ba, kuma a shekarar 1971, a gwaji na 191, ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye. A 1972 ita da wasu abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a bai wa majinyata. Wannan aiki ne ya haifar da maganin atemisinin, ya kuma kai ta ga samun lambar yabo ta Nobel a 2015.

Ke nan ko ƙwararru sai da suka sha wahalar shekaru kafin su gane yadda za a sarrafa ganye guda. Saboda haka ne a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake bayyana cewa ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin shayi don maganin zazzaɓi, domin ƙarfinsa yakan bambanta daga shuka zuwa shuka, kuma ɗan abin da ke ciki kan iya barin ƙwayar cutar da rai har ta yi taurin kai.

Kuskuren gane ganye ya fi wannan muni. A farkon shekarun 1990, a birnin Brasels na ƙasar Beljiyam, an bai wa masu son rage ƙiba wani haɗi wanda a cikinsa aka musanya wata saiwa da wata, saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama. Mutane sama da ɗari, galibinsu mata, ƙodarsu ta lalace, wasu kuma daga baya suka kamu da ciwon daji. Haka nan ganyen mahuwang, wanda Sinawa ke bai wa mai mura da asma, yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, abin da ya sa Amurka ta hana sayar da shi a cikin ƙwayoyin ƙarin kuzari a 2004.

To amma haɗarin da ya fi kusa da ɗalibi shi ne jinkiri. Zazzaɓin da ya ɗauka mura ce kan iya zama na cizon sauro, ko taifot, ko sanƙarau, kuma mugun nau'in zazzaɓin cizon sauro yana iya tsananta cikin sa'o'i 24 idan ba a yi magani ba. Citta kan sa a yi gumi a ji sauƙi-sauƙi, ita kuwa cutar tana nan tana cin jiki.

Aboki na iya dafa citta, ya dama kunu, ya ba da ruwa, ya zauna kusa da majinyaci, kuma wannan ba ƙaramin jinya ba ne. Amma da zarar zazzaɓi ya kwana bai sauka ba, ko amai ya ƙi tsayawa, ko wuya ya sanƙare, ko numfashi ya yi wuya, ko majinyaci ya fara sambatu, to a sauke tukunya a nemi mota zuwa asibiti. Abin da ya wuce haka ya zama karambanin akuya, gai da kura.